Shekarar da Na Yi Suna da Kunya

A shekarar da aka raba mu da Sakkwato aka ba mu tamu jiha na haifi ɗana na fari. Mijina yana cikin ma'aikatan da aka kwasa aka kai Birnin Kebbi, inda su biyar suke zagaye tebur ɗaya suna jiran a kawo kujeru. Ni kuwa na koma gidanmu a Aliero wankan jego, a hannun innata.

A wajenmu uwa ba ta nuna son ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya yi kuka sai ta kau da kai har wata babba ta ce ta ɗauke shi. Wannan ita ce kunya, kuma da ita ake auna tarbiyyar gida. Ni na yi ta fiye da yadda aka koya mini, sai dai ba don tarbiyya ba. Tun kwana na uku wani abu ya sauko mini a ƙirji ya zauna. In aka ɗora mini yaron sai in ji kamar an ba ni riƙon tulun wani, in ƙagu a zo a karɓa. Abinci ba ya shiga, barci ba ya zuwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na tabbata an halicce ni babu abin da ake son ɗa da shi, kuma haka yaron nan zai tashi.

Inna ta ga duk wannan, ta yi hamdala. Duk wadda ta shigo barka sai ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ku dubi ɗiyata. Ko kallonai ba ta yi. Sai na yi da gaske taka ba shi nono." Labari ya bazu. Wata mata ta taso tun daga Jiga Makera da ɗiyarta mai ciki, ta zaunar da ita a gabana don ta ga yadda ake yi. Suka yi ta kallona ina kallon bango. Da za su tafi matar ta ce ashe boko bai gama da kowa ba.

Hawaye kuwa ina yin su a fili, ba mai damuwa. A Aliero ba a tambayar mace dalilin hawaye, akwai albasa a kowane gida. Tamu tana jibge a tsakar gida, ko yanka ta ba a yi ba, amma ita ta ɗauki laifin.

Sau biyu na gwada faɗa. Na ce wa Inna, "Inna, ni hwa ba ni jin komi game da shi." Ta ce, "Haka aka so. Ko kin ji, kak ki hwaɗi." Ta ƙara wa kununa kanwa, ta ƙara wa tukunyar wanka itace. Da mijina ya zo dubiya na same shi a zaure na ce masa ba ni da lafiya. Ya yi murmushi ya ce har Birnin Kebbi an kai masa yabona, sannan ya ba ni labarin kujeru. Ranar na ji haushinsa ƙwarai, na kuma daina neman wanda zan gaya wa.

A mako na huɗu Gwaggo ta zo daga Kuberi, can wajen Maiyama. Yayar babana ce, ta haifi tara, kuma ita da Inna ba su taɓa yarda a kan ko gishirin miya ba. Ta kwana biyu ana rera mata yabona, ita kuwa tana ta lura da ni. Rana ta uku da hantsi matan gida suka fita gaisuwa maƙwabta, ita ma ta ja mayafi ta bi su. Can sai ga ta ta ɗaga asabarin ɗakina ta shigo.

Ta ce, "Na ga masu kunya da yawa, kuma duk mai kunya ɓarauniya ta. Da an hita ɗaki taka sungumi ɗanta ta shinshina. Ke na tsaya bayan asabarin ga hak ƙahwata ta yi tsami. Yaro na motsi, ke kina kallon bango, kuma ba kowa. Wagga ba kunya ba ta. Mi as same ki?"

Na buɗe baki, kuka ya riga magana. Ta bar ni na yi, ba ta ambaci albasa ba. Na gaya mata duka, har da tsoron da nake yi. Ta ce ita ma ta yi haka a haihuwarta ta huɗu, aka ce iskoki ne, aka yi shekara ana turara ta, ba wanda ya tambaye ta.

Fitar da mai jego kafin arba'in ba ƙaramin yaƙi ba ne. Inna ta tsaya a ƙofa ta ce, "Mi mutane za su ce?" Na gane sunan da muka tara take tsoron ya zube. Gwaggo ta ce, "Su ce an kai yaro awo." Muka hau gaban wata a-kori-kura mai lodin albasa zuwa Jega.

A asibiti wata dattijuwar nas ta auna yaron, sannan ta jawo benci ta zauna kusa da ni. Ni ta tambaya, ba Gwaggo ba. Ta ce ciwo ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, ba mugun hali ba ne, kuma ana warkewa. Ta ba ni magani, ta ce in riƙa dawowa, a bar ni in yi barci, kada a bar ni ni kaɗai. Gwaggo ta aika Kuberi a kawo mata kayanta, ta tare a ɗakina. Inna ta sami abokiyar faɗa ta wata uku.

Sauƙin a hankali ya zo, wata rana gaba, wata rana baya. Yaron yana da wata huɗu, wata safiya ina shafa masa mai a tsakar gida, ya cafke mini leɓe ya ƙyalƙyale da dariya. Ban san lokacin da na ɗaga shi na kira sunansa ba, sunansa na yanka, da ƙarfi, na sumbace shi. Sai da na ɗago na ga muna da baƙi. Matar nan ce ta Jiga Makera, ta kawo ɗiyarta da jaririnta a ƙara mata darasi.

Matar ta ja hannun ɗiyarta suka fita ko ruwa ba su sha ba. Inna ta rufe fuska da gefen zane ta ce, "Shi ke nan, kin kunyata ni. Ashe ba ki da ta ido." Ta yi mako ba ta kula ni ba.

Gwaggo tana gefe tana tsince albasa. Na ga ta sa bayan hannu tana share ido, ta share, ta sake sharewa. Ba wanda ya tambaye ta, ga albasa a gabanta.