Gilasan da Inna Ta Wanke

Yayana ne ya fara zuwa jami'a a gidanmu, kuma da yake ba ɗan fari ba ne, Inna ba ta jin kunyar yabonsa a gaban matan Bunkure. Yana digiri na biyu a Kano. Aikinsa, kamar yadda ya sha fama ya fahimtar da ni, shi ne ya sa azurfa da farar wuta su haɗu su kwanta a kan ƙananan gilasai, shafi siriri wanda ɓawon albasa ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Daga nan a auna yadda lantarki ke bi ta cikinsa idan haske ya taɓa shi. Ni dai baƙi kawai nake gani. Nakan tsokane shi cewa ya je jami'a koyon ɓata gilashi.

Da aka shiga dogon yajin aiki, ya taho da gilasan gida a kwali, kowanne naɗe da auduga, don ba a kai ga aunawa ba. Wahalar kusan shekara biyu ce a kwalin nan. Sinadarin ya ƙare, malamin da ke duba aikin kuma yana shirin barin ƙasar.

Ana jibi Sallah, Inna ta goge awarwaronta na azurfa da toka da lemun tsami, kamar yadda take yi duk shekara. Yaya yana gona ana ba tumatir ruwa, ni kuma ina gidan kitso. Tana share ɗakinsa ta ga kwalin. Wannan baƙin ta san shi sarai, da shi take yaƙi a jikin awarwaronta tun tana amarya.

Muka dawo muka tarar da gilasan jere a faifai, suna ƙyalli.

Ta ce, "Ka bar kayan karatunka sun yi baƙi ƙirin. Da ƙyar ya fita."

Yaya ya daɗe yana kallon yatsunta da bakin gilashi ya yayyanka.

"Sannu da aiki, Inna. Allah ya saka da alheri."

Ya rantsar da ni kada in faɗa mata. Bai koma makaranta ba, ya ce mata noman rani ya fi masa. Har yau abin yana cin raina, kuma na rasa wanda zan ji haushinsa. Inna ta rasu tana gaya wa mutane cewa ita ma da hannunta a karatun ɗanta.