Ƙahon Abdulghani Mai Garmaho

A birnin Bur Sudan aka haifi Abdulghani, cikin Hausawan can, kuma shekara bakwai ya yi yana busa ƙaho a badujalar 'yan sanda kafin ya zo aikin Hajji a 1958. Bai koma ba. Ya buɗe ɗan shago a unguwar Bab Makka, a garin da jiragen ruwan alhazai ke tsayawa, yana gyaran rediyo da garmaho, ƙahon kuwa ya naɗe shi a tsumma ya tura ƙarƙashin gado.

Wata rana a 1963 wani Ba'amurke baƙar fata, kuku a jirgin ruwa, ya kawo garmahonsa gyara, da faifai ɗaya na gwaji. Cikin awa guda aikin ya kammala. Da Abdulghani ya ɗora allura, sai fiyano ya yi kira, ƙahoni biyu suka amsa, ganga na tafe a bayansu da nauyi, ba gaggawa. Kiɗan jaz ne, amma shi abin da ya ji zabiya ce da 'yan amshinta.

Ya ɗaga wa kukun yatsu uku. "Bayan kwana uku ka dawo."

A gidansa na unguwar Mahjar ya ciro ƙahon, ya cusa ƙyalle a bakin ƙahon saboda maƙwabta, yana bin faifan gaɓa-gaɓa har leɓensa ya kumbura. Matarsa Mastura ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, ba ka ce ka bar wannan a Sudan ba?"

"Na ce. Ki saurara dai, ki gaya mini inda na kauce."

Ta saurara. Sau biyu ta kama shi.

Ran da kukun ya dawo, Abdulghani ya ja ƙofar shago, ya busa masa kiɗan tun daga farko, a tsakiya ya karkata da shi irin na algaita. Mutumin ya zauna kan akwati yana buga gwiwa da tafin hannu. Da aka gama ya ce su tafi tare, akwai guraben makaɗa a ƙasarsu.

"A'a, na gama yawo," in ji Abdulghani. "Nan iyalina suke."

Daga nan duk bikin Hausawan Mahjar sai an kira shi, har haƙoransa na gaba suka zube a 1976. Sunan kiɗan na Turanci bai taɓa iya karanta shi ba. Mutanen unguwa "Taken Abdulghani" suke ce masa, shi kuma kullum sai ya gyara musu: na wasu 'yan'uwa ne a ƙetaren teku, tsakiyar ce kawai tasa.