Injin da Ya Ƙi Silo

Injin yankan itacen ya zo mini ne a cikin buhun taki, ranar wata Talata, a rumfata ta gyaran janareta da ke Kubwa. Wanda ya ɗauko shi dattijo ne ɗan Gbagyi, manomi a Jiwa. Shi ne ya ba ni ɗakin ajiyar doyarsa na kwana har wata bakwai lokacin da na fara shigowa Abuja ban san kowa ba, don haka Baba nake ce masa.

"Malam, gona ya tafi," in ji shi. "Sun sa fenti ja. Litinin katafila zai zo."

An ba masu gina rukunin gidaje filin, shi kuma an nuna masa wani fili can bayan gari. Bai zo kuka ba. A tsakiyar gonar akwai maɗacin da mahaifinsa ya dasa, kuma so yake ya kayar da shi da hannunsa kafin Litinin, a fitar masa da katakon ƙofa da na rufin sabon gida. Injin na ƙaninsa ne da ya rasu, ya shekara biyar a ƙarƙashin gado. Na bugi ƙirji na ce Juma'a ya zo ya ɗauka.

Na wanke tanki, na sa sabon fulogi, na haɗa fetur da mai, na ja igiya. A ja na huɗu ya tashi da ihu har mai shayin gefena ya zubar da ruwan zafi. Amma ina sakin yatsa daga totur, maɓallin ba shi wuta, sai ya yi tari biyu ya mutu. Matsalarsa ke nan: ba ya silo. In ka danna ya yi gudu, in ka saki ya ɗauke. Wanda bai taɓa kayar da bishiya ba zai ce to a yi ta dannawa mana. Ai dole ka tsaya ka duba inda take karkata, ka zagaya, ka sake riƙo. Injin da ke mutuwa a tsakiyar kututture kashe mutum yake yi.

Na ce kafireta ce. Na kwance ta na wanke, na hura kowane rami da bakina har ɗanɗanon fetur ya hana ni cin abinci. Na murɗa sukurun silo ciki, sarƙar yankan ta kama gudu ita kaɗai ba wanda ya aike ta. Na sassauta, ya mutu. Laraba da Alhamis haka na cinye su, ina zaginsa, ina zagin wanda ya ƙera shi.

Juma'a bayan masallaci Baba ya zo. Ya zauna a kan benci yana kallo ina jan igiya ina zufa.

"In ba zai yi ba, ka faɗi. Zan nemi masu gatari."

Nan ne na cuce shi. Da na ce ba zan iya ba, da majiya ƙarfi huɗu sun kayar masa da bishiyar a yini ɗaya. Amma ni da ake kawo wa janareta har daga Jikwoyi, in ce ƙaramin inji ya gagare ni a gaban mai shayi? Na ce, "Haba Baba, saura kaɗan. Lahadi zan kawo maka har gida."

Sai Lahadi da yamma na gano. Tsakanin kafireta da cikin inji akwai 'yar roba, ta tsage, marigayin ya liƙe ta da sufa gulu da yashi. Ta nan iska ke satar shiga tana lalata silo. Abin da ya fi ci mini rai, tun ranar farko na ga liƙin nan. Ban ko tsaya ba, domin irinsa nake yi wa janaretan mutane kullum, idona ya saba ya ɗauke shi gyara. Masu sayar da kayan inji kuwa ba sa buɗewa ranar Lahadi.

Litinin da sassafe na samo robar, na ɗaura. Ja ɗaya ya tashi, na saki yatsa, ya zauna yana ƙara a hankali kamar kyanwa ta ƙoshi. Na tari ɗan acaɓa sai Jiwa.

Mun isa wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Maɗacin na kwance, saiwoyinsa a sama. An ja waya a bakin gonar, Baba na tsaye daga waje, hannuwa a baya. Na roƙi ogan aikin, wani mai hular kwano, ya bari dattijo ya ɗebi itacen ubansa. Ya ce duk abin da ke cikin waya na kamfani ne yanzu. Sai idonsa ya faɗa kan buhuna.

"Aboki, wannan inji yana aiki? Zo ka yanka mana bishiyar nan, tana tare hanya."

Ina so in ce na tofa masa yawu. Ban yi ba. Na ce a raina wataƙila in na yi musu aiki su bar masa ko reshe biyu. Na tsallaka waya na yanka ta gunduwa-gunduwa har la'asar, injin bai mutu ko sau ɗaya ba. Tifa ta zo ta kwashe duka, har ƙananan rassan.

Na fito na miƙa wa Baba kayansa, na kasa haɗa ido da shi. Ya dubi garin katakon da ya rufe mini riga, ya dubi injin, bai karɓa ba.

"Ka riƙe, Malam," ya ce. "Ka gyara shi da kyau. Ni ba ni da itace kuma."