Agogon da Na Tura Gaba

Da ƙarfe goma na safiyar Laraba abin ya fara lalacewa. Aikina na kammala digiri ɗan shirin kwamfuta ne da na rubuta, wanda zai umarci wani kamfani ta intanet ya kwashe bayanan da ke babbar kwamfutar sashenmu zuwa tasa. Washegari zan gwada shi a gaban malamai. Duk sanda na tura, amsa ɗaya ke dawowa: an ƙi buƙatata.

Na bi lambar sirrina harafi bayan harafi. Na tashi, na zauna, abinci ma ya gagare ni. Kunya ta hana ni tambayar kowa a jami'armu da ke Samaru. Bayan la'asar na ɗauki kwamfutata na hau bas zuwa Sabon Gari, wurin wata 'yar ajinmu da ke taya mahaifiyarta tsaron shago.

Ta kalli kwamfutar, ta kalli wayarta.

"Ke, me ya samu agogon kwamfutarki?"

Na ce kullum gaba nake tura shi da minti ashirin, gudun makara lacca.

Ta kwashe da dariya. "Malama, ina ruwan masu kamfanin da laccarki? Ba sa karɓar saƙon da lokacinsa ya saɓa da nasu. Gyara shi ki sake turawa."