Wuyan Kwalba a Yatsan Ejvind

Shekara talatin da ɗaya Ejvind ya yi yana raba wasiƙu a kan keke a garin Lemvig. Kafin nan shi ne mai jita a wata ƙungiya ta mutum huɗu, masu haɗa waƙoƙin masunta da kiɗan baƙaƙen fata na ƙetare da ake kira bulus. Faifai ɗaya tal suka taɓa yi, a 1974, kuma babu jitarsa a ciki. Ranar da za a ɗauki faifan a birnin Aarhus tsoro ya kama shi a tashar jirgin ƙasa, ya juya gida, aka nemo wani ya cike gurbin. Ba wanda ya taɓa yi masa gori, abin da ya fi cin ransa ke nan.

Da mawaƙiyarsu Gudrun da mijinta Thorkild mai ganga suka kusa cika shekara hamsin da aure, Ejvind ya ce shi zai kaɗa waƙar da a al'adar garin ake tashin ma'aurata da ita da sassafen ranar irin wannan biki a ƙarƙashin tagarsu. Matarsa Bodil ta dubi yatsunsa da sanyin ƙashi ya kanannaɗe, ta ce mutumin da maɓallin riga ya gagara, wai jita.

Ejvind ya yanke wuyan kwalbar giya, ya goge kaifin, ya zura a yatsa, ya kwantar da jitar a cinya yana jan kwalbar a kan tsirkiya. Duk lokacin sanyi yana ɗakin ajiyar dankali yana fama. Bodil ta ce har ɓeraye sun yi ƙaura, amma ita ke kai masa kofi.

Ranar bikin, ƙarfe bakwai na safe, maƙwabta sun ƙawata ƙofar ma'auratan da ɗanyun rassa, kowa da 'yar tutarsa. Tsoron nan na tasha ya dawo masa sabo fil. Ya zauna a kan akwatin kifi, ya kaɗa har ƙarshe, da kuskurensa biyu.

Taga ta buɗe, Thorkild ya leƙo da rigar barci.

"Kai tsoho, jirgin naka ya yi latti."

Gudrun ta ture shi gefe, ta ɗora tsohuwar rikodarsu a bakin tagar, ta danna maɓallin ɗaukar sauti.

"Sake daga farko, Ejvind. Tun Aarhus nake jiranka."

Ya share ido da hannun riga, ya gyara zaman kwalbar a yatsa.