Ruwan da Zuera Ta Ba Baƙo

Duk wanda ya taɓa shan koko da ƙosai a Bayan Gwata, can ƙasan Nima inda take haɗuwa da Maamobi a Ankara, babban birnin Gana, ya san Mma Zuera. Doguwa ce, baƙa, mai muryar da ladan ma yake kishi. Ubanta Bazabarme ne mai sayar da albasa a Kasuwar Malam Atta, uwarta kuwa Badagomba ce daga Yandi. An haife ta a unguwar Legas Tawun, nan cikin Ankara, aure ne ya gangaro da ita Nima. Tana jin Hausa, tana jin Ga, yaren 'yan asalin Ankara, tana jin Tonanci, yaren Asante, kuma babu wanda ba ta iya faɗa da shi a cikinsu.

Mijinta Seidu direban trotro ne, wato ƙaramar bas ta haya, tsakanin Nima da Tudu. Ya rasu a shekarar yunwa, tamanin da uku, ya bar ta da yara da ɗaki guda a gidan yayansa Alhaji Gafaru, wanda yake fataucin goro kuma shi ne sarkin unguwar. Ba mugu ba ne Alhaji Gafaru, a faɗi gaskiya. Ya riƙe marayun ƙanensa bai taɓa goranta musu ba. Abin da ke damunsa ɗaya ne, kuma shi ke damun maza da yawa a zangonmu, wato unguwannin baƙi Musulmi: gara a mutu da a ce an ga talaucinsu.

Ruwa kuwa shi ne talaucin Bayan Gwata. Akwai wani tsohon famfo a gaban masallaci wanda ya ƙafe tun kafin Zuera ta zo unguwar, awaki ne kawai suke amfana da shi, suna sosa jiki. Mai kuɗi ya sayi ruwan tanka. Mai ƙarfin wuya ya ɗauki bokiti ya tafi har Kanda, ya roƙi masu gadin manyan gidaje. Can Zuera take ɗebo na kokonta, don ta ce ba za ta sayar wa mutane ciwo ba. Amma na sha da na wanka a gida, na kowa da kowa, daga rijiyar gefen gwata yake fitowa. Da damina gwatar takan cika ta tumbatsa, ta zuba duk abin da ta kwaso a cikin rijiyar. A jefa alam, a jira ya kwanta, a ce bismillahi a sha. Ruwan nan ne ya ɗauke mata 'yarta Mariatu tana tsakiyar koyon magana. Amai da gudawa, safiya zuwa la'asar, shi ke nan. Maza suka ce kwana ne ya ƙare. Zuera ba ta yi musu ba, amma ta san ta wace ƙofa ya ƙare.

To, ana nan sai labari ya zo cewa gwamnati da wata ƙungiyar ba da agaji ta ƙasashen waje sun ɗauki wani masani haya, ya zagaya ƙasar Gana kaf, ya duba abin da kowane yanki ya fi bukata don a yi masa aikin da zai ɗore. Sunansa Dokta Amankwa, Batone ne, wato mutumin Asante. Ya riga ya je Arewa, ya je Kumasi, yanzu saura unguwannin Ankara, kuma Bayan Gwata tana cikin waɗanda zai taka. Abin da ya gani da idonsa shi zai kai wa waɗanda suka aiko shi. Inda ya ce akwai bukata, nan za a yi aiki. Inda ya ce babu, an wuce wurin.

Ko ɗan firamare ya san abin da ya kamata a yi: a bar mutum ya ga abin da ya zo gani. Amma me dattawanmu suka yi? Suka zauna bayan sallar Juma'a suka ce babban baƙo zai zo, dole a rufa wa unguwa asiri.

Aka fito da kowa aikin gayya. Aka share lunguna fes. Aka shafa wa bangaye farar ƙasa. Aka kafa sanduna a bakin gwata aka rataya tabarmi da tamfol, har rijiyar ta ɓace a bayansu. Aka ce kowa ya sa kayan Sallah, yaron da cikinsa ya kumbura a ajiye shi a ɗaki. Sannan aka yi babbar wautar. Ishawu makanike ya goge mataccen famfon nan da toka da lemon tsami har ya riƙa ƙyalli, ya ɗora duro a kan katangar masallaci ta baya, ya cika shi da ruwan tanka, ya jona roba ta ƙarƙashin ƙasa. Ka murɗa, ruwa ya zubo garau.

Zuera ta tarar da su suna gwadawa, suna ta dariya suna tafawa.

"Yaya Alhaji," ta ce, "wannan kuma na mene ne?"

"Na mutunci ne. Kina so Batone ya koma ya ce Musulmin zango ƙazamai ne, ba su da ko ruwan alwala?"

"To muna da shi ne?"

"Ke dai je ki ji da kokonki. An ba ki aikin kawo ruwan sha ranar, don kofunanki sun fi na kowa tsabta. Ki kawo, ki rusuna, ki koma. Ban ce ki buɗe bakin nan naki ba."

Ta koma gida tana huci. Ƙawarta Ƙaltume mai wake da shinkafa ta ce mata, "Zuera, ki yi haƙuri. A gidansa kike zaune fa."

"Na sani. Ai shi ya sa ban fasa duron ba."

Ranar ta zo. Da hantsi wata farar mota ta tsaya a bakin titi, Dokta Amankwa ya fito, wani siririn dattijo mai tabarau da takalmin da ya sha ƙura. Mutum ne mai ladabi, ya gaida kowa da hannu biyu. Makaɗa suka tarye shi. Aka zagaya da shi ta hanyoyin da aka share, Alhaji Gafaru yana gefensa cikin babbar riga mai aiki, yana bayani da Tonanci. Da suka zo gaban masallaci, Alhaji da kansa ya ce, "Dokta, murɗa ka gani."

Ya murɗa. Ruwa ya zubo. Ya tara hannu, ya duba, ya yi murmushi irin na wanda aka sauke wa kaya.

"Kai, madalla," ya ce. "An gaya mini nan babu ruwa sam. Ashe ku kun tsira. Bututun da ake da shi kaɗan ne, sai a kai wa waɗanda ba su da ko ɗigo."

Aka yi tafi. Wallahi aka yi tafi! Mutane suna tsaye ana kwashe musu ruwa a gaban idonsu, suna tafi kamar an yi musu bushara.

Zuera tana bayan taron da tire a hannu, kofunan gilashi a jere, cike da ruwan tanka. Ta ji maganar sarai. Ba ta yi dogon tunani ba, don in ta tsaya tunani za ta tuna ɗaki, ta tuna marayu. Ta juya, ta watsar da ruwan a ƙasa, ta ɗaga tamfol ta shiga baya. Guga ɗaya ta ja. Ba ta sa alam ba, ba ta tace ba.

An zaunar da baƙo a ƙarƙashin rumfa, dattawa sun kewaye shi. Ta ratso tsakiyarsu, ta rusuna kamar yadda aka umarce ta, ta miƙa masa kofi. Ruwan ja-ja ne, wani abu yana yawo a ciki, warinsa kuwa ya riga ta isa.

Kowa ya zuba wa kofin ido. Makaɗa ma suka tsaya.

"Sannu da zuwa, Dokta," ta ce da Tonanci, da muryar nan tata. "Ga ruwan gidanmu."

Alhaji Gafaru ya miƙe. "Zuera! Kin haukace ne?"

"Yaya, ka ce in kawo ruwan sha. Wannan muke sha. Ko jiya da shi aka dama maka fura."

Dokta Amankwa ya dubi kofin, ya dubi fuskokin mutane. Shi ma ɗan gida ne mai tarbiyya, ya san ba a mayar da ruwan da aka ba baƙo. Sai ga bawan Allah ya ɗaga kofin zai kai baki. Zuera ta yi wuf ta fizge.

"Kai, ajiye! So kake ka mutu mana a nan a ce mun kashe Dokta? Na ce ka gani ne, ban ce ka sha ba."

Wata mata ta fashe da dariya daga baya, wata ta kama, sai ga mata duka suna dariya, wasu suna share hawaye da gefen mayafi. Ƙaltume, wadda ta ce a yi haƙuri, ita ce ta fara zuwa ta kama tamfol ta yaye. Sauran suka bi. Tabarmi suka zube, gwata ta bayyana baƙa ƙirin, rijiya tana bakinta.

Dokta ya tashi ya je ya leƙa. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya ce, "To famfon fa?"

Ishawu makanike ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka ƙara murɗawa kaɗan zai ƙare. Duro ɗaya ne."

Dokta bai yi fushi ba. Ya cire tabarau ya goge, ya ce wa Alhaji Gafaru a hankali, ko a garinsu haka tsofaffi suke yi wa baƙo. Daga nan ya bar rumfa da shinkafar da aka dafa masa, ya bi mata lungu-lungu har la'asar, yana tambaya suna ba shi amsa, kowace tana katse 'yar'uwarta.

Kada wani ya zaci an ɗaga Zuera a kafaɗa a ranar. Ina! Alhaji Gafaru ya daina amsa gaisuwarta. Bai kore ta ba, amma ya sa aka gaya mata ta tozarta shi a gaban Batone, ta tozarta zango. Maza suka ƙaurace wa kokonta, suka koma wajen wata mai tsinkakken koko a bakin titi, suna sha suna yamutsa fuska. Mata ne suka riƙe ta. Wadda ba ta taɓa sayen koko ba ma sai ta aiko da kwano. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, shiru. Masu baki suka samu abin faɗa: ta kunyata mu a banza, ga shi ko tiyo ba a kawo ba. Wannan ya fi komai ci mata rai, don ita ma ta fara zaton haka ne.

Sai wata safiya ga leburori da diga da shebur, ga babbar mota cike da bututu. Suka fasa ƙasa tun daga babban titi har gaban masallaci. Suka tumɓuke mataccen famfon suka gina sabo mai kawuna da yawa, da dakalin siminti na ajiye bokiti.

Ranar buɗewa Alhaji Gafaru ya sake sa babbar rigarsa, ya yi jawabi mai tsawo a kan yadda shugabannin unguwa suka yi ta faɗi-tashi. Aka kafa allo da sunansa a jiki. Mata suka bar shi ya gama. Da aka zo murɗawa, kafin ya miƙa hannu, sun riga sun turo Zuera gaba, da zanen aikinta mai ƙamshin hayaƙi. Ta murɗa. Famfon ya yi tari, ya tofar da tsatsa, sannan ruwa ya ɓarke fari tas, da ƙarfin da ya jiƙa wa liman ƙafafu. Guɗa ta tashi har Maamobi. Zuera ta tara hannu ta sha, ta sake sha, ta wanke fuska, ta daɗe tana wanke ta.

Kwamitin mata ya ba ta makullin famfon, kuma a hannunta ya zauna har ta tsufa. Ita ke buɗewa, ita ke rufewa, ita ke raba faɗan layi, in roba ta lalace ta sa Ishawu a gaba sai ya gyara. Shi ya sa nata bai mutu ba lokacin da na wasu unguwanni suka mutu. Allon da ke ɗauke da sunan Alhaji ya yi tsatsa ya faɗi. Masu trotro kuwa, da ba su karanta allo, in sun zo wurin sai ka ji suna ihu, "Famfon Zuera, akwai mai sauka?"

Shi Alhaji Gafaru, bayan an buɗe famfon, sai da ya yi mako yana aikowa a ɗebo masa. Ran nan dai azahar ta matse shi, ya fito da butarsa da kansa, ya tsaya yana gyaran murya, yana kallon sama.

"Zuera," ya ce, "an wuni lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya."

"Ruwan yana zuwa dai?"

"Yana zuwa. Kawo butar, kada jam'i ya wuce ka. Amma gobe ka bi layi."