Kwanon Gyaɗar da Aka Tura wa Rufa'i

Duk wanda ya san layin teloli a kasuwar Mubi ya san Rufa'i, dogon nan siriri mai jarkar ruwa a gindin keken ɗinki. Kakanninsa daga Katsina suka zo, shi kuwa haifaffen Mubi ne. Ni Kalibu, da ake kira Baban Tina, rumfar gyaran rediyona na jikin tasa, kuma shekara da shekaru ban taɓa ganin ya sa hannu a kwanon kowa ba. Suna ne, biki ne, Sallah ko Kirsimeti, sai ya ce alhamdu lillahi, a ƙoshe yake.

Matarsa Ummusalma ce ke aiko masa abinci, ɗan mitsitsi, sau da yawa a wuni: tuwon shinkafa mai laushi, dafaffen dankali, ko ayaba. Loma ɗaya sai ya tauna ta har ka gaji da kallo. Gyaɗa, aya, gasasshiyar masara, yaji, ko kusa ba ya zuwa. Ruwan jarkarsa na taɓa kurɓa, na ji gishiri da sukari, na tofar. Ga yawan zagayawa bayan gida, har muka sa masa suna Sarkin Buta. Shi dai dariya yake yi, ya ci gaba da taka kekensa.

Ranar da 'yan Boko Haram suka shigo Mubi a 2014, daga kasuwa muka arce, shi ko gida bai samu ya leƙa ba. Ummusalma da yara suka bi wata hanya daban. Mu da ƙafa muka kai wani ƙauye kusa da Belel, aka sauke mu a filin makaranta.

Mutanen ƙauyen sun yi mana halacci. Lokacin kaka ne, abin da ke hannunsu shi suka ba mu, gyaɗa da masara. Kowa ya far wa kwano, ban da Rufa'i. Shi gishiri yake roƙa wajen mata, da ruwan da aka tace daga shinkafa. Kuma bini-bini ya ɗauki buta ya tsallake mayo, wato rafin ƙauyen, ya shige daji.

A lokacin kuwa tsoro ya sa kowa zargin kowa. Wata rana da hantsi 'yan banga suka kewaye shi, shugabansu Ya'akubu a gaba da bindigar farauta.

"Malam, me kake nema a daji kowane lokaci? Waye kake kai wa labari? Abincin mu ma ba ka ci. Su ne ba su cin abincin mutane."

Rufa'i ya ɗaga rigarsa. Wallahi sai da na ja da baya. Tabon ɗinki ne tun daga ƙasan ƙirji har mara. Ya ce tun yana saurayi ciwo ya cinye masa babban hanji, likitoci suka cire shi gaba ɗaya, suka naɗe ƙaramin hanjin suka yi masa 'yar jaka a ciki. Abu mai tauri in ya shiga, toshewa take yi. Kunya ce ta hana shi gaya wa kowa, har ni.

Bakina a buɗe. Mutumin da muke raba inuwa ɗaya, ashe da rabin ciki yake yawo.

Ya'akubu ya yi tsaki. "Mutum ba hanji yana tafiya? Wannan ɗinkin harsashi ne."

Na rantse da Littafi Mai Tsarki cewa tela ne, maƙwabcina. Suka ce ni ma in yi hankali. Sai Ya'akubu ya tura kwanon gyaɗa da gasasshiyar masara gabansa da ƙafa.

"In kai namu ne, ci da mu."

Rufa'i ya dubi bindigar, ya dube ni. Ya yi bisimilla. Ya so ya tauna a hankali yadda ya saba, aka daka masa tsawa wai yana raina musu hankali. Haka ya dinga haɗiya har kwanon ya koma wayam. Suka tafa masa, wani har da dafa kafaɗa.

Ranar bai ƙara ɗaukar buta ba, kuma abin da ya fi tsorata ni ke nan. Washegari cikinsa ya kumbura ya yi tauri, sai amai. Asibitin da zai iya buɗe shi kuwa yana can cikin garin da muka gudo. Ya'akubun nan dai shi ya kawo mashin, muka sa Rufa'i a tsakiya muka nufi iyakar Kamaru. Ba mu kai ba. A ƙirjina na ji nauyinsa ya canja.

Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Ya tsere wa masu yanka, kwanon gyaɗa ya kashe shi.

Bayan mun koma Mubi na kai wa Ummusalma jarkarsa. Ba ta tambaye ni ko harbinsa aka yi ba. Ta juya jarkar a hannunta, ta ɗago ta dube ni.

"Baban Tina, me ya ci?"